Ciki da Haihuwa a Ƙasar Hausa: Tarihin Tambayoyin da Iyaye Mata ke Yi

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira. Kakanninmu sun faɗi haka ne saboda abin da suka gani da idonsu, domin da wuya a sami zuriyar da ba ta taɓa binne mace a kan gwiwa ko a cikin jego ba. Wannan fargaba ce ta haifar da tambayoyin da har gobe ake yi a kowane gida: Me mai ciki za ta ci, me za ta ƙaurace wa? A ina za ta haihu, kuma wa zai karɓi haihuwar? Idan naƙuda ta yi tsawo me za a yi? Wankan jego da kunun kanwa suna da amfani ko illa? Yaushe za a sa wa jariri nono?

Tambayoyin suna nan yadda suke tun zamanin da, amma amsoshinsu sun yi ta sauyawa a cikin shekaru ɗari da suka wuce. Wannan maƙala za ta bi tarihin waɗannan amsoshi, tun daga ɗakin ungozoma har zuwa binciken da likitoci suka gudanar a Zariya da Katsina da Kano. Abin da tarihin ya nuna shi ne al'adarmu ta tanadi kulawa mai kyau ga mai jego, amma ba ta tanadi mafita ba ga ranar da haihuwa ta zo da gardama. A irin wannan rana jinkiri ne ya fi kowace cuta cin rayukan mata.

2.0 Masu ba da amsa a zamanin da

Kafin zuwan Turawa, mutum huɗu ne ke da ta cewa a kan ciki da haihuwa. Ta farko ita ce tsohuwar gida, wato uwar miji ko kaka ko goggo. Ita ce ke fara gane shigar ciki tun mai shi ba ta faɗa ba, ta hanyar laulayi da kwaɗayi da kasala. Ta biyu ita ce ungozoma, wadda yawanci dattijuwa ce da ta daina haihuwa, kuma ta koyi aikin a wurin uwarta ko wata babba. Na uku shi ne wanzami, mai askin suna da cire belu da ƙaho. Na huɗu shi ne malami, wanda ake karɓo rubutun sha da addu'a daga gare shi idan naƙuda ta tsananta. Malaman jihadi ma ba su bar wannan fage ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) ta rubuta littafin Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, kuma sauƙin haihuwa na cikin buƙatun da ta ambata.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu game da aikin ungozoma. A mafi yawan gidaje ba a kiranta sai ɗa ya faɗo. Aikinta shi ne yanke cibiya, da binne mabiyiya, da wanke jariri, da gasa jikin mai jego. Ita kuwa naƙuda, mace kan yi ta ne ita kaɗai a ɗakinta a durƙushe, kuma abin yabo ne a ce ba wanda ya ji motsinta sai kukan jariri aka ji. Kunya ta fi tsanani ga mai haihuwar fari, wadda ba ta ko ambaton cikin, kuma daga baya ba za ta kira sunan ɗan ba. Domin rage mata wannan nauyi ne aka ƙago al'adar goyon ciki, inda ake mai da ita gidan iyayenta idan cikin ya kai kamar wata bakwai, ta haihu a gaban uwarta.

Mafi cikar bayanin da aka rubuta a kan wannan rayuwa daga bakin mace shi ne na Baba ta Karo (1877 zuwa 1951), wadda Mary Smith ta ɗauki labarinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Wanda ya karanta shi zai ga yadda haihuwa da wanka da suna da yaye suke a hannun mata zalla, maza kuwa nasu shi ne itacen wanka da ragon suna.

3.0 Zuwan asibiti

Asibitocin farko da Turawan mulkin mallaka suka kafa a Arewa na sojoji ne da ma'aikatan gwamnati. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin birnin Kano a ƙarƙashin En'e, wanda aka sa wa sunan Janar Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976. A wannan zamani ne kuma 'yan mishan suka kafa asibitinsu a Wusasa kusa da Zariya. A 1930 gwamnati ta yi dokar da ta kafa hukumar kula da horar da ungozomomin zamani a Nijeriya, wadda aka haɗe ta da ta ma'aikatan jinya a 1979.

Duk da haka, an daɗe mata ba su karɓi asibiti a matsayin wurin haihuwa ba. Dalilan a fili suke. Yawancin ma'aikatan maza ne, matan aure kuwa suna cikin kulle. 'Yan matan Arewa da suka yi karatun da zai kai su makarantar ungozoma kaɗan ne ƙwarai. Asibitin yana birni, mafi yawan jama'a suna karkara, ga rashin hanya da abin hawa. Saboda haka ba a kai mace sai an gama duk dabarun gida, ta galabaita. Idan ta rasu a can sai a ce asibiti ne ya kashe ta, tsoron ya ƙaru, ta gaba ma a ƙara jinkirta kai ta.

Babban sauyi ya zo ne bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da buɗe sashen koyon likita a 1967. Daga nan ne aka fara rubuta abin da ke samun matan Hausa a wurin haihuwa da alƙaluma. Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranci nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Nazarin ya nuna cewa matan da aka kawo cikin gaggawa ba tare da sun taɓa zuwa awo ba suna mutuwa ninkin-ba-ninkin waɗanda suka yi awo. Ya kuma nuna haɗarin ya fi yawa ga yarinya ƙarama mai cikin fari, da macen da ta yi haihuwa da yawa, sannan ya ragu sosai ga wadda ta yi makaranta. Wannan aiki na Zariya na cikin hujjojin da suka zaburar da duniya har aka yi taron kare lafiyar masu haihuwa a Nairobi a 1987.

4.0 Me mai ciki za ta ci?

Amsar tsofaffi ta ginu ne a kan abin da suke kira zaƙi. An yi imani cewa idan mai ciki ta cika shan sukari da zuma da rake, zaƙi zai taru a mararta ya tare wa ɗa hanya. Don haka idan ciki ya tsufa akan ba ta jiƙe-jiƙe da saiwoyi masu ɗaci domin zaƙin ya zube, kuma ruwa ko majinar da ke fita gab da naƙuda shi ake ɗauka zaƙin ne ke fita. Likitoci sun bayyana cewa majinar ita ce wadda ke toshe bakin mahaifa a tsawon ciki, ruwan kuwa na faya ne wanda ɗa ke kwance a cikinsa. Babu ɗayansu da sukari ke haifarwa. Rage shan zaƙi ba laifi ba ne, musamman da yake akwai ciwon sukari da ke tasowa a lokacin ciki. Inda haɗarin yake shi ne jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, domin wani yana tayar da naƙuda da ƙarfin da zai iya fasa mahaifa.

Abin da asibiti ya gano yana raunana mai ciki a ƙasarmu shi ne ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki ke kawowa. Alamarsa ita ce farin ido da tafin hannu, da haki, da jiri, wani lokaci da kwaɗayin cin farar ƙasa. Maganinsa yana cikin abin da muke nomawa: wake, gyaɗa, zogale, alayyafo, rama, ƙwai, hanta, kifi da nono. Ga kuma ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo, da maganin rigakafin zazzaɓi da aka fi sani da Fansidar, wanda ake fara sha bayan wata uku na farko, a riƙa maimaitawa wata-wata aƙalla sau uku, tare da kwana a gidan sauro. Wani abin mamaki da aka gani a Zariya shi ne 'yan mata ƙanana masu ciki da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini sun ci gaba da ƙara tsawo a lokacin cikin, abin da ke nuna jikinsu bai gama girma ba.

A da ana cewa zuwa awo sau huɗu ya wadatar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi sau takwas, na farko a cikin wata uku na farko. Wannan ya ci karo da al'adar ɓoye ƙaramin ciki, amma ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurin awo ne ake auna hawan jini, a gwada fitsari da jini, a duba kwanciyar ɗa, a kuma yi allurar rigakafin titanos, ciwon nan da ke sanƙarar da jikin jariri ya kulle masa muƙamuƙi.

5.0 Idan naƙuda ta yi tsawo

A nan ne ilimin gargajiya ya fi gazawa. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ya zo a gicciye, babu jiƙo ko turare ko danna ciki da zai fito da shi. Tsofaffi sukan danganta abin da zaƙi, ko iska, ko wata cuta da suke kira gishiri, wadda ake cewa tana tsirowa ta toshe gaban mace. Maganinta a wurinsu shi ne yankan gishiri, inda wanzami ko ungozoma ke tsaga gaban da aska ko reza. Mafitsara kuwa tana manne da wurin, saboda haka sau da yawa askar kan huda ta.

Ko ba a yi yanka ba, idan kan ɗa ya daɗe yana matse naman da ke tsakaninsa da ƙashin ƙugu, jini ya daina zuwa wurin, naman sai ya mutu ya zube bayan 'yan kwanaki, ya bar ƙofa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Yawanci ɗan ma ba ya zuwa da rai. Dakta Tahzib ya yi nazarin mata 1,443 da aka kawo asibitin Zariya da wannan lalura daga 1969 zuwa 1980. Ya samu cewa fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 cikin 100 kuwa yankan gishiri ne. Da yawansu mazajensu sun sake su, wasu ma danginsu sun ware musu kwano da ɗaki saboda zarni.

Tarihin gyaran wannan lalura yana da alaƙa da Katsina. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga. Ganin yawan matan da ke zuwa da yoyo ya sa ya fara yi musu aiki a 1984, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Babbar Ruga ta zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. An buɗe cibiyar Laure a asibitin Murtala da ke Kano, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta fara aiki a Jahun ta Jihar Jigawa a 2008, sannan a 2012 aka buɗe wata cibiyar a Danja kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Dubban mata sun warke sun koma gidajensu. Sai dai ɗinki gyaran ɓarna ne. Abin da ke hana ɓarnar tun farko shi ne fiɗa a kan lokaci, wato a yi wa mace aiki a ciro ɗan. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke koyarwa mai sauƙin riƙewa ce: kada rana ta fito ta faɗi a kan mace tana naƙuda a gida, wato kada ta wuce awa 12.

6.0 Zubar jini da jijjiga

Akwai tsohuwar fahimta cewa jinin biƙi ƙazanta ne, gara ya fita da yawa domin ciki ya wanke. Gaskiya ne akwai jinin da dole ya fita, amma idan ya kai rabin lita bayan haihuwa an shiga haɗari, kuma mace na iya rasuwa cikin awa biyu. Mafi yawan dalilinsa shi ne mahaifa ta kasa tsukewa, ko wani yanki na mabiyiya ya maƙale. A 2006 Nijeriya ta yi rajistar ƙwayar misoprostol domin tsayar da wannan jini. A aikin da masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a ƙauyukan Zariya wajen 2009, sun koya wa jama'a gane yawan jinin ta hanyar kwatanta shi da cikin moɗa, wadda ke ɗaukar kimanin rabin lita. A 2023 kuma aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni domin a ga yawan jinin da ido, kuma aka ba da magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta da kashi 60 cikin 100.

Jijjiga kuwa, da yake tana zuwa da faɗuwa da taune harshe da juyewar ido, an daɗe ana ɗaukarta aikin iska, a tsaya turare da tofi. Asalinta hawan jini ne na masu ciki, kuma takan yi sallama kafin ta zo: kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da ciwo a saman ciki. A 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate a manyan asibitoci 10 na Jihar Kano. Kafin nan kimanin mace 21 cikin 100 masu jijjiga ke rasuwa a waɗannan asibitoci, bayan shigar da ita adadin ya sauko zuwa kimanin 2 cikin 100. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya, ana iya yin ta a cikin mota.

7.0 Wankan jego da kunun kanwa

Babu al'adar haihuwa da Bahaushe ya riƙe da ƙarfi kamar wankan jego. Dalilinsa shi ne tsoron sanyi, domin an yi imani jikin mai jego ɗanye ne, idan sanyi ya shige shi za ta kumbura. Saboda haka safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki, har kwana arba'in, mai haihuwar fari ma takan zarce. A da ganyen runhu da tsamiya da sabara aka fi amfani da su. Darbejiya baƙuwa ce, don sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. A wasu wurare, musamman ƙasar Zazzau, mai jego kan kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga kunun kanwa da yaji da ƙauri da gasasshen nama domin jini ya dawo, nono ya kawo. Kanwar kuwa fatake ne ke kawo ta daga Borno da ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi.

A shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan masu jego da ke zuwa da kumburi da haki saboda gazawar zuciya. Neil Davidson da Eldryd Parry sun bayyana mata 224 a rahotonsu na 1978, suka kuma danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, haɗe da zafin wanka da na gado. Shekara da shekaru wannan bayani ne ake koyarwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa suka sake bin lamarin a asibitoci da dama na Nijeriya. Sakamakon da suka buga a 2020 ya tabbatar da cewa ciwon ya fi yawa a Arewa maso Yamma, amma bai sami wankan zafi da kunun kanwa a matsayin musabbabinsa ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin abin yi, da hawan jini a lokacin ciki. Wani bincikensu a Kano ya kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon.

Darasin da ke nan shi ne a yi hattara kafin a yanke wa al'ada hukunci, a kuma yi hattara kafin a wanke ta gaba ɗaya. Kanwa gishiri ce, saboda haka mai hawan jini ko kumburi ko ciwon zuciya ta nisance ta. Ruwan da zai sale fata ya wuce kima, kuma wadda aka yi wa fiɗa ko ɗinki sai ta bi umarnin asibiti. Mai jegon da ke haki idan ta kwanta, ko ƙafafunta suka kumbura, zuciyarta ce ke neman taimako, ƙarin wanka ba zai sauke kumburin ba. Amma hutun kwana arba'in, da ɗauke mata aikin gida, da ciyar da ita abinci mai kyau, da zaman 'yan'uwa kusa da ita, duk abubuwa ne da likitancin zamani ya yarda da su. Makonni shida da likitoci ke ƙirgawa kafin mahaifa ta koma yadda take, kwana 42 ke nan, kusan daidai da arba'in ɗinmu.

8.0 Jariri: cibiya, dakashi da yaye

A da akan yanke cibiya da aska ko reza, a riƙa gasa ta da tsumma ko tsingaro mai zafi, wasu su shafa toka ko man shanu har ta faɗi. Ta wannan ƙofa ce titanos da sauran ƙwayoyin cuta ke shiga. Jihar Sakkwato ce ta fara raba man chlorhexidine na shafa wa cibiya a faɗin jiha a 2013, kuma shi kaɗai ake so a sa mata. Cire belu a makon farko shi ma yana jawo zubar jini da shigar cuta, alhali belun halitta ne da kowa ke da shi.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, an daɗe ana matse shi a zubar a kan cewa bai da kyau, a ba jariri ruwa ko madarar dabba har kwana biyu ko uku. Bincike ya nuna dakashi ne rigakafin farko na ɗan Adam, cike yake da abin da ke kare hanji daga gudawa. Shawarar yau ita ce a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, wanda kuma ke taimaka wa mahaifa ta tsuke. Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawarar nono zalla har wata shida, ba tare da ko ruwa ba.

A batun yaye kuwa kakanninmu ne ke gaba. Shayarwa ta kusan shekara biyu, wadda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, da ƙyamar kwanika ko rurrutsa, wato samun ciki a kan goyo, su suka ba uwa damar murmurewa. Tazarar wata 24 da masana ke ba da shawara tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki ita ce dai wadda tsofaffi suka tsare.

9.0 Kammalawa

Har yanzu da sauran aiki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin haihuwa 16 cikin 100 ne kawai aka yi a asibiti a Arewa maso Yamma. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya ce mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Gwamnatoci sun yi yunƙuri: Jihar Kano ta fara haihuwa kyauta a 2001, gwamnatin tarayya ta fara tura ungozomomin zamani karkara a 2009, sannan a Nuwamba 2024 ta sanar da fiɗa kyauta ga mata marasa ƙarfi.

A 1994 masana suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku hakki ne a wuyan hukuma, wato hanya da mota da ma'aikata da jini da wutar lantarki. Na farko kuwa a cikin gida yake. Mace takan kwana tana zubar da jini saboda maigida ya yi tafiya bai bar izini ba, ko saboda tana kunyar surukarta, ko saboda ba a tanadi kuɗin mota ba.

Wannan jinkiri na farko dattawa da malaman makaranta za su iya kawar da shi. Maigida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, a gaban shaidu, cewa ko ba ya nan a fita da ita. A ware kuɗi kamar yadda ake ware na ragon suna, a san direban da za a tasa da dare, a san ɗan'uwan da zai ba da jini. Ungozoma ta zama mai rakiya zuwa asibiti, ta ci gaba da kula da mai jego bayan an dawo. Malami kuma ya koya wa ɗalibansa, maza da mata, alamomin haɗari: zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, da naƙudar da ta wuce awa 12. Yaron da ya haddace waɗannan takwas a aji shi ne maigidan gobe, yarinyar kuma ita ce uwa da surukar da za a nemi shawararta. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.